Ana kukan babu, to wannan tumbin daga ina yake fitowa?

Kwanakin baya muna zaune a majalisa bayan sallar Isha'i a nan Tudun Wadan Zariya sai musu ya kaure, wani ya ce shi fa bai yarda ana yunwa a ƙasar nan ba tunda duk inda ka waiga sai ka ga mutum da tumbi. Wani ya ce ai tumbi na masu kuɗi ne, su ne suke cin kaji su kwanta a esi. Sai na ukun ya tuna mana wani ɗan acaɓa da muka sani, wanda kowa ya san abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, amma in ya hau mashin cikinsa har yana taɓa tanki. Nan fa kowa ya yi shiru, don maganar ta ƙi zama a inda aka so a ajiye ta.

Tambayar kenan da nake so mu warware. Ya aka yi tiyar shinkafa ta gagari mutane, nama ya zama sai ranar suna ko biki, amma ƙiba sai ƙaruwa take, har a jikin waɗanda ba su da shi? Kuma ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta zama ciwo, wato sama da mutum biliyan ɗaya, kuma a tsakanin manya abin ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. Da ana cewa matsalar Amurka ce da Ingila, yanzu ta shigo mana har tsakar gida.

Wacce ce ƙiba, wanne ne cikar jiki?

Mu Hausawa muna da kalmomi masu daɗi a kan wannan abu, shi ya sa ma yake mana wuyar gani a matsayin matsala. Ka yi wata uku ba a gan ka ba ka dawo da kumatu sai a ce ma sha Allah ka murmure, hutu ya karɓe ka, ko a ce amarya ta iya girki. In ka rame kuwa sai a ja ka gefe a ce lafiya dai ko? To akwai cikar jiki ta lafiya, wannan ba wanda yake faɗa da ita. Wadda ake magana ita ce taruwar kitse har ya kai yana cutar da mai shi.

Likitoci suna da wani ma'auni da suke kira BMI. Lissafin ba wuya, ka auna nauyinka a kilo, ka auna tsawonka a mita, ka ninka tsawon da kansa, sai ka raba nauyin da abin da ya fito. Misali mutum mai kilo 85 da tsawon mita 1.70, in ka ninka 1.70 sau 1.70 zai ba ka 2.89, ka raba 85 da shi ka samu 29 da ɗoriya. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuma an shiga ƙibar da ake kallo a matsayin ciwo. Amma wannan ma'aunin yana da makanta, bai san bambancin tsoka da kitse ba, ɗan dambe ko mai dakon buhu a kasuwar Sabon Gari zai iya hawa 27 alhali ba kitsen komai a jikinsa.

Shi ya sa ni na fi son awon ƙugu, kuma kowa zai iya yi a ɗakinsa. Namiji in ƙugunsa ya haura santimita 94 haɗari ya fara, in ya kai 102 ya yi yawa sosai. Mace kuma 80 da 88. In ba ka da tef ɗin tela ka samu igiya ko zare ka auna tsawonka daga ƙasa zuwa tsakar ka, ka ninke shi biyu, ka zagaya cikinka da shi wajen saitin cibiya. In bakin igiyar ya haɗu, alhamdulillahi. In ya ƙi haɗuwa, to ƙugunka ya fi rabin tsawonka, kuma akwai gyara.

Dalilin da ya sa ake matsa wa tumbi fiye da ƙibar cinya ko ta hannu, duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya mai ƙiba ya gani da idonsa. Kana buɗe cikin sai ka tarar da farin kitse ya lulluɓe hanji da tumbi, ya naɗe ƙoda har sai ka tona kafin ka ciro ta. To haka yake a cikin mutum. Wannan kitsen na ciki ba a kwance kawai yake ba, yana hana jiki jin maganar insulin, wato sinadarin da yake kwashe suga daga jini ya kai inda za a yi aiki da shi, daga nan ne ciwon suga yake samun ƙofa. Sai hawan jini, sai kitse a hanta, sai ciwon gwiwa da baya saboda kayan sun fi ƙarfin jakin, sai munshari mai ɗauke numfashi cikin bacci, ga mata kuma har rikicewar al'ada da wahalar samun ciki. Ƙarshen layin shi ne abin da muke gani kullum, a ce wane ya faɗi a banɗaki ɓarin jikinsa ya shanye, sai a fara zancen iska ko jifa.

Lissafin da ciki yake yi

Duk abin da ka ci yana ɗauke da ƙarfi da ake aunawa da kalori. Jiki zai ɗebi abin da yake bukata don numfashi da bugun zuciya da tafiya da aiki, ragowar ba ya zubarwa, ajiyewa yake a matsayin kitse, kamar manomin da yake zuba rarar hatsi a rumbu. In kullum ana zubawa ba a ɗiba, ai dole rumbu ya cika.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba girman abinci ne kawai yake magana ba. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, giram ɗaya na suga ko na sitacin da ke cikin tuwo ko na sinadarin gina jiki da ke cikin nama kuma 4 ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan kalori 120 ne. Yanzu ka tuna yadda ake tuttula mai a kan garau-garau ko ɗanwake har sai ya kwanta a gindin kwano, ka tuna ƙosai da awara da fanke da doya da ƙwai duk a cikin mai suke iyo kafin su zo hannunka. Mutum zai rantse maka shi ba ya cin abinci da yawa kuma gaskiya ya faɗa, kwanon nasa ƙarami ne, amma man da ke ciki ya kai wani kwanon.

Abin sha ya fi abin ci ɓarna

Nan ne nake so in daɗe, don a ganina nan ne aka fi cutar mu ba mu sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kusan giram 50 a rana ga babban mutum, wato ƙaramin cokalin shayi 12, in ma da hali a tsaya a 6. To lemon roba mai zaƙi na santilita 50, irin wanda aka saba, zai iya ɗaukar suga kusan cokali 12 shi kaɗai, ka juya robar ka karanta da kanka. Kenan roba ɗaya ta cinye rabonka na yini, ba a zo maganar kokon safe ba, ba a zo maganar shayi ba. Kuma kafin ka ƙona abin da ke cikin robar nan sai ka yi tafiyar sauri ta wajen minti arba'in.

Mugun abin shi ne suga in ya shiga a ruwa ciki ba ya lissafa shi a matsayin abinci. Ka ci malmala biyu za ka ji ka ƙoshi ka ture kwano, amma ka sha lemo biyu a zafin watan Afrilu ko gezau, za ka zauna ka ci abincinka cif kamar ba ka sha komai ba. Su maltina da ake kai wa marar lafiya da mai jego da sunan ƙarin jini su ma suga ne cike. Kuma kada mu ɗora laifin duka a kan na kamfani, zoɓo da kunun aya da jinja da ake ƙullawa a gida a saka a firiji, duk wadda take yin na sayarwa za ta gaya maka in bai yi zaƙi raɗau ba ba mai saye, sai ta zuba suga ta kuma ƙara ɗanɗano na kanti. Fura da nono abincin kakanni ce mai kyau, amma yanzu sai ka ga an dama an antaya mata suga cokali huɗu biyar har tsamin nonon ya ɓace.

Gwamnatin tarayya ta saka harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Masu fafutukar lafiya suna cewa ya yi kaɗan a ƙara, kamfanoni kuma suna cewa in aka ƙara ciniki zai faɗi a sallami ma'aikata kuma talaka ne zai biya. Kowa da hujjarsa, amma ni dai abin da na gani, naira biyar a kan roba ɗaya ba ta taɓa hana kowa shan lemo ba, kuma harajin bai san hanyar teburin mai shayi ba.

Teburin mai shayi da ƙarfe sha ɗayan dare

Ka bi ta Samaru ko Kwangila ko PZ da daddare ka tsaya ka kalli abin da ake haɗawa. Saurayi zai zauna a benci ya ce a dafa masa Indomie biyu, a soya ƙwai uku, a yanko burodi a shafa bota, sannan a yi masa haɗin kauri. Mai shayi ya ɗauko babban kofi ya zuba madara ya zuba kayan shayi ya kamfaci suga da cokali ba ƙirge, ya ɗaga kofi sama yana shekawa daga wannan zuwa wancan har ya yi kumfa. Wallahi abin da daɗi, ba mai musu. Amma wannan zama ɗaya ya kusa rabin abin da jikin mutum yake bukata a yini, kuma yana gamawa gida zai wuce ya kwanta ya ɗauko waya.

Ga ɗalibai ga 'yan kasuwa ga ma'aikata duk tsarin ya zama ɗaya, a fita da safe ba a karya ba, a yini ana ɗan taɓa biskit da lemo, sai dare ya yi a rama gaba ɗaya. Sannan a zauna kallon TikTok da Facebook har ƙarfe ɗaya, a tashi Asuba, baccin bai fi awa huɗu ba. Shi kuma babban mutum yana bukatar awa bakwai ko fiye. In bacci ya gaza sinadarin da yake tayar da yunwa yana ƙaruwa, wanda yake cewa ka ƙoshi kuma ya ragu, shi ya sa ranar da ba ka yi bacci ba za ka ji ba abin da kake marmari sai mai zaƙi da mai maiƙo. Damuwa ma haka, tunanin kuɗin makaranta da na haya yana tayar da wani sinadari a jiki da yake tura kitse wajen ciki, wasu kuma in ransu ya ɓaci a abinci suke hucewa.

Ƙafa ta yi ritaya

Iyayenmu a cikin Birni mutum zai taka daga Ƙofar Gayan zuwa Babban Dodo ya dawo bai ma lissafa ya yi tafiya ba, wasu kan keke suke zuwa aiki har Sabon Gari. Mata kuma ga daka ga surfe ga jan ruwa a rijiya ga tuƙin tuwon gida guda. Yanzu inji ya karɓi daka, 'yan ga-ruwa sun karɓi guga, kuma ba ina cewa a koma wahala ba ne, sauƙi ni'ima ce. Amma cin bai ragu ba, aikin ne ya ragu. Yau mutum zai hau acaɓa zuwa masallacin Juma'ar da yake hango hasumiyarsa daga ƙofar gida. Mai shago yana zaune daga takwas na safe zuwa tara na dare, tela a kan keke, direba a kan sitiyari, ɗan acaɓan da na faɗa a farko shi ma ai a zaune yake yini, mashin ne yake gudu ba shi ba.

Bayan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 mutane da yawa sun ajiye mota sun koma takawa ba don suna so ba, kuma na san waɗanda wandonsu ya fara yi musu yawa a watannin da suka biyo baya. Sai dai tsadar da ta sa aka taka ita ce kuma ta lalata kwanon abinci.

Inda talauci da teɓa suka haɗu

Ga amsar musun majalisarmu. In kuɗi suka yi ƙaranci a gida, me ake fara cirewa? Nama, kifi, ƙwai, madara, 'ya'yan itace. Me yake ragewa? Abin da zai cika ciki da araha, tuwo ƙato da miya tsararo, taliya da manja, shinkafa da mai da yaji, burodi, rogo, garin kwaki da suga. Duk ƙarfi ne zalla ba kayan gina jiki. Kuma hatsin ma mun canza masa kama, da ana cin dawa da gero da ɗan dusarsu, yanzu masara sai an surfe ta tas an cire dusa da ƙwayar idon an bar gari fari fat, dusar a ba tumaki. Abin takaici a garin da cibiyar binciken noma ta Samaru take fitar da irin masara da dawa da wake masu kyau, amfanin yana tafiya wa dabbobi mu mu ci ragowar.

Irin wannan abinci mai laushi yana narkewa da wuri, suga ya hau a jini da sauri ya sauko da sauri, bayan awa biyu yunwa ta dawo kamar ba ka ci ba. Shi ya sa a gida ɗaya za ka ga uwa da teɓa, ɗanta kuma ya tsumbure bai kai tsawon sa'anninsa ba, duk kwano ɗaya suke ci. Ba ƙoshi ba ne, yunwa ce ta sake riga. Har ma masana sun gano yaron da ya taso cikin ƙarancin abinci tun yana ciki ko yana goye, in ya girma ya samu abinci mai suga da mai ya fi saurin yin tumbi da ciwon suga. Don haka in ka ga talaka da tumbi kada ka ce ƙarya yake da yake kukan babu.

Ɓangaren mata, da maganar sha-ka-fashe

Mata nasu ya fi rikitarwa don daga ɓangare biyu ake ja musu. Ga haihuwa, kowane ciki yana barin wani abu, kafin ya sauka wani ya shigo. Lokacin jego kuma ana cewa ki ci ke da yaro, a dama kunu a zuba suga, a kawo farfesu a kawo gasasshe, ga zama wuri ɗaya har arba'in. Kula da mai jego abu ne mai kyau ƙwarai, ba na so a fahimce ni a baibai, mai shayarwa tana bukatar ƙari, amma ƙarin bai kai ninki biyu ba. Wasu kuma allurar tazarar haihuwa tana sa musu nauyi, wannan sai a koma a gaya wa ma'aikaciyar asibiti a duba ko za a canza wata hanyar, ba a daina kai tsaye ba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma ga 'yan mata da ake yi wa gori don sirara ne, musamman in biki ya matso. Sai ƙawa ko wata gwaggo ta ce ke haka za a kai ki kamar sillen kara? Daga nan sai a nufi kemis ko masu tallan haɗi a intanet. Abin da ake kira sha-ka-fashe galibi magunguna biyu ne a ciki, deksametason da aka fi sani da deksa, da wani maganin ƙaiƙayi da mura mai buɗe ciki ya sa bacci. Deksa magani ne na gaske mai ceton rai in likita ya rubuta, amma shan shi don ƙiba ganganci ne babba. Abin da yake kawowa ba jiki ba ne, ruwa ne da kitse a inda ba a so, fuska ta yi zagaye kamar faranti, wuya da doron baya su cika, ciki ya fito, hannu da ƙafa kuma su sirance, fata ta yi nankarwa ta yi saurin tsagewa. A ciki kuma yana tayar da suga da hawan jini, ya cinye ƙashi, ya karya garkuwar jiki. Don Allah iyaye mata a sa ido, in kin ga fuskar 'yarki ta canza cikin sati uku ki zaunar da ita ki tambaye ta cikin lallami, ba da faɗa ba.

Masu cewa gado ne, da masu cewa haɗama ce

Kowanne ya riƙe rabin gaskiya. Gado yana nan, akwai gidan da ko me suka ci ba sa ƙiba, akwai gidan da kaɗan ya ishe su. Shekaru ma suna da nasu, in mutum ya manyanta tsoka tana raguwa, jiki ya rage ƙona abinci. Amma jinin mutane bai canza daga 1990 zuwa yau ba, abincinsu da zamansu ne suka canza. Su kuma masu yi wa mai ƙiba dariya suna kiransa acici, su sani gori bai taɓa rage wa kowa kilo ɗaya ba, sai dai ya sa mutum ya daina fita cikin jama'a ya ƙi zuwa asibiti.

Shayin rage tumbi

Wannan a taƙaice, kuɗinka kawai za a ci. Yawancinsu ganyen filasko ne ko danginsa, su sa ka gudawa da yawan fitsari, sikeli ya nuna ka ragu alhali ruwa ne ya fita, ka sha ruwa kwana biyu ya dawo. Wasu ma an sha kama su da sinadarin sibutramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a ƙasashe da yawa a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki. Ɗamarar matse ciki da ruwan zafi da lemon tsami da sassafe su ma ba sa narka kitse.

To ta ina za a fara?

Da farko a rage buri. Ba sai ka koma yadda kake a sakandare ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinka ya isa ka ga canji a awon jini da na suga, mai kilo 90 kenan ya sauke huɗu da rabi zuwa tara, a hankali, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati. Akwai wani babban bincike da aka yi a Amurka aka fitar a 2002, a kan mutum sama da 3,000 da suke gab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka sa su gyara ci su yi motsa jiki minti 150 a sati su ɗan rage nauyi, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga kuma kashi 31. Kenan ƙafa da kwano sun fi ƙwayar aiki.

In abu ɗaya kawai za ka iya, ka fara da abin sha. Lemo ya koma na ranar biki, shayi in cokali huɗu kake sawa ka koma uku na sati biyu, sannan biyu, harshe yana sabawa wallahi, wata rana za ka kurɓi irin na da ka ji ya gundure ka. Mai kuma a riƙa aunawa da cokali a daina tuttulawa daga galan.

Sannan mu Zazzagawa muna da abin da ya kamata mu yi alfahari da shi. Ana mana tsiya da fate, to faten tsaki in an yi shi yadda iyayenmu suke yi, tsaki kaɗan, rama da yakuwa da alayyafo da gauta su fi yawa, a jefa wake ko gyaɗa, mai ɗan kaɗan, samun abincin da ya fi shi dacewa da mai son rage tumbi sai an tona. Ga ganye ga ruwa ga ƙoshi mai daɗewa, ga araha. Haka kwaɗon zogale da na rama, dambu mai ganye da yawa, alale maimakon ƙosai, dafaffen ƙwai maimakon soyayye, tuwon dawa ko na masarar da ba a surfe ta tas ba da miyar kuka ko kuɓewa. In shinkafa da wake ne waken ya rinjaya. Ka sa ganye ya ci rabin kwano, tuwo malmala ɗaya maimakon biyu, kuma babban cin ya dawo rana, na dare ya zama marar nauyi tsakanin Magariba da Isha'i. Gishiri da dunƙulen magi ma a sassauta, don gishirin yini gaba ɗaya bai kamata ya wuce giram 5 ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya.

Ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Allah Ya ce a Suratul A'araf ku ci ku sha kada ku yi ɓarna, kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito kowa ya san shi, a raba ciki uku, kaso ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi. Azumin Litinin da Alhamis ma yana taimakawa in ba a rama da buɗa-baki ba, don mun sha ganin wanda ya fito daga Ramadan ya fi yadda ya shiga nauyi saboda soye-soye da kunu mai suga kullum.

Motsa jiki kuma ba sai ka sayi kayan ƙwallo ko ka biya kuɗin wajen ɗaga ƙarfe ba. Minti 30 sau biyar a sati, tafiyar da za ta sa numfashinka ya ɗan ɗaga amma kana iya magana. Bayan sallar Asuba kafin rana ta yi zafi shi ne lokacin da ya fi, ka samu maƙwabci ku riƙa fita tare don ranar da ka ji ƙyuya ya buga maka ƙofa. Ka sauka daga keke napep kafin a kai inda za ka ka ƙarasa da ƙafa. Masu ƙarfi a jika su gwada hawa dutsen Kufena ranar hutu. Matan da ba sa fita kuma tsakar gida ta isa, a zagaya, a yi tsallen igiya in gwiwa lafiya, a zauna a tashi daga kujera sau goma sha biyar, kuma maigida ya ba da goyon baya, ba ta fara ba ya ce wannan kuma wane sabon salo ne.

Wanda ya kamata ya ga likita kafin komai

Ba kowace ƙiba ce ta abinci ba. In nauyi ya hau maka cikin 'yan kwanaki tare da kumburin ƙafa ko fuska ko haki in ka kwanta, wannan ruwa ne, zai iya zama zuciya ko ƙoda ko hanta, musamman ga mace da ba ta daɗe da haihuwa ba, a tafi asibiti ranar ba sai gobe ba. In ƙiba ta zo da kasala da jin sanyi da bushewar fata a duba maƙoƙo. Mace mai ƙiba da rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa ta ga likitan mata. Wanda kuma yake ramewa ba dalili ga ƙishirwa ga yawan fitsarin dare, kada ya yi murna wai tumbi ya tafi, ya je a auna masa suga. Mai ciwon suga da yake kan allura ko ƙwaya kada ya fara tsallake abinci sai ya yi shawara, don sugan zai iya faɗuwa ya sume.

Ita kuma wadda ta riga ta daɗe tana shan deksa, kada ta karanta wannan ta watsar da shi yau, tsayar da shi farat ɗaya zai iya kayar da mutum har ya kai ga rasa rai. Ta ɗauki kwalin ko robar haɗin ta tafi da shi asibiti, ko na koyarwa da ke Shika ko na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko wanda ya fi kusa da ita, ta faɗa wa likita tsawon lokacin da ta yi tana sha da guda nawa a rana, shi zai tsara mata yadda za ta riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har ta rabu da shi.